Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Majalisar Ƙaramar Hukumar Southwark Kan Makomar Mazauna Rukunin Gidaje na Aylesbury

Zuwa ga Shugaban Majalisa da ɗaukacin Kansiloli,
Ƙaramar Hukumar Southwark, Landan.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayina na mazaunin Walworth, kuma ɗaya daga cikin ɗimbin 'yan Afirka ta Yamma da suka kafa gida a wannan yanki na kudancin Landan, game da aikin rushe rukunin gidajen gwamnati na Aylesbury da sake gina shi. Na rubuta ta da Hausa kuma na buɗe ta ga kowa, domin 'yan'uwanmu na nan da na gida su san abin da ke faruwa da maƙwabtanmu, su kuma san abin da muke roƙo a madadinsu. Buƙatata guda ɗaya ce: kada a ƙara fitar da kowa daga gidansa sai sabon gidan da zai shiga ya kammala a cikin unguwar, kusa da mutanen da ya saba da su, bisa kuɗin haya da sharuɗɗan zaman da yake kai tun farko. Duk abin da zai biyo baya hujja ce ta wannan buƙata.

Ba zan ɓata muku lokaci da yabon gine-ginen ba. An gina Aylesbury tsakanin 1963 da 1977, gidaje kusan 2,700 a arewa da lambun shaƙatawa na Burgess, da manyan allunan kankare waɗanda ake zubawa a masana'anta sannan a kawo a harhaɗa. Duk wanda ya san dogayen benayen nan irin su Wendover da Taplow ya san halin da suke ciki a tsakiyar hunturu: na'urar ɗumama gidaje ta bai-ɗaya takan mutu, ruwan zafi ya ɗauke, lif ya tsaya, danshi ya ci bango har fumfuna ta fito. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mazaunan ne suka shekara suna kai kuka a kan waɗannan matsaloli tun kafin 'yan jarida su san hanyar unguwar. Sai dai mutanen nan ɗin dai, idan aka zauna da su, su ne za su ce ɗakunansu suna da faɗi da haske irin wanda ba a cika samu a sababbin gidaje ba, kuma abin da suka daɗe suna nema shi ne gyara.

An taɓa tambayarsu, kuma sun ba da amsa. Tony Blair ya zo wannan rukuni a ranar 2 ga Yuni 1997 ya yi jawabinsa na farko mai muhimmanci a matsayin Firayim Minista, inda ya yi alkawarin cewa ba za a manta da kowa ba a Birtaniyar da yake son ginawa. Bayan haka gwamnati ta ware wa unguwar kimanin fam miliyan 56. A watan Disamba na 2001 aka kaɗa ƙuri'a a kan shirin miƙa gidajen ga wata ƙungiyar samar da gidaje domin a rushe a sake ginawa, kashi 76 cikin ɗari na masu haƙƙin zaɓe suka fito, kuma kashi 73 cikin ɗari na waɗanda suka fito suka ce ba su yarda ba. Babu kansila ɗaya a cikinku da aka zaɓa da fitowar jama'a mai yawa haka. Duk da wannan, a 2005 majalisa ta yanke shawarar rushewa bisa dalilin cewa kuɗin gyara ya yi yawa, kuma tun daga ranar ba a sake kiran mazauna rukunin gaba ɗaya zuwa akwatin zaɓe ba.

Ya kamata a tsaya a yi tambayar da aka tsallake a wancan lokaci. Me ya sa mutanen da ke kwana cikin sanyi, waɗanda jaridu suka mayar da unguwarsu abin misali na lalacewa, har wani gidan talabijin ya zo ya watsa shara da igiyoyin shanya na ƙarya a barandunsu domin ɗaukar hoton tallarsa, za su fito da yawa haka su ce a bar musu wurinsu? Wasu masu tsara birane suna ɗaukar wannan a matsayin tsoron sauyi, ko sabon da ba shi da dalili. Ni ina ganin lissafi ne mai kyau, na mutanen da suka san abin da ke hannunsu, suka kuma san cewa ba ya cikin takardar mai kimanta gida.

Bari in nuna muku abin da nake nufi. Akwai wata dattijuwa da na sani, ta haura shekara saba'in, 'ya'yanta sun yi aure sun watsu, tana zaune ita kaɗai. Makullinta na biyu yana hannun maƙwabciyarta, wata mata da ba addininsu ɗaya ba kuma ba ƙasarsu ɗaya ba, kuma idan hantsi ya yi ba a ɗaga labulen tagarta ba, sai matar ta je ta ƙwanƙwasa. Mai kantin magani na bakin titi ya san ƙwayoyin da take sha, ya san ranar da suke ƙarewa. Likitan unguwa ya san tarihin hawan jininta ba sai ta sake ba da labari daga farko ba. Ranar Asabar takan ja kekenta na cefane zuwa kasuwar East Street, tafiyar da bai kamata ta wuce minti goma ba takan ɗauke ta sa'a guda, saboda kowane taku akwai wanda za a gaisa da shi, a tambayi jiki, a tambayi jikoki. Mai doya da ayaba ya san irin wadda take so, mai kifi yakan ajiye mata kai. Ranar Juma'a wani matashi daga benensu yakan riƙe mata hannu zuwa masallacin Old Kent Road, wanda Musulmin Najeriya suka kafa. Wannan baiwar Allah ba ta karɓar ma'aikaciyar jinya daga hukuma, ba don ba ta da rauni ba, sai don mutane kusan ashirin, kowa da ɗan abin da yake yi, sun ɗauke wa hukuma wannan nauyi ba tare da an biya su ko kwabo ba. Ku ɗauke ta ku kai ta gida sabo fil mai tagogi masu kyau a wata unguwa mai nisan bas biyu, ba za a yi wata shida ba sai sunanta ya bayyana a jerin masu neman kulawa, kuma daga asusunku ko na wata ƙaramar hukuma za a biya.

Haka abin yake ga masu ƙananan yara. Da yawa daga cikin matan wannan yanki su ne ke hawa bas tun kafin asuba su je su share ofisoshin tsakiyar birni, ko su kwana suna jinyar tsofaffi a gidajen kula da su. Aikin yana yiwuwa ne saboda akwai maƙwabciyar da za ta tashi yara ta kai su makaranta tare da nata, ita kuma a rama mata da yamma. Akwai adashi da ake zubawa tsakanin mutanen bene ɗaya, wanda ya dogara kacokan ga sanin juna da sanin ƙofar juna. Idan aka yi rasuwa, kafin dangi na nesa su iso, maƙwabta sun riga sun haɗa kuɗin jana'iza, sun ɗora tukunya, sun buɗe falonsu ga masu ta'aziyya. Ga baƙon da ya bar ƙasarsa da danginsa, waɗannan mutane su ne dangin, kuma shekaru ashirin ko talatin ya yi yana tara su, gaisuwa bayan gaisuwa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma a nan maganar tana nan a zahirinta, domin duk wannan taimakon juna yana tsayawa ne a iyakar inda ƙafar tsohuwa ko ta yaro za ta iya kaiwa. Waya ba ta kai yaro makaranta, kuma ba ta ganin labulen da ba a ɗaga ba.

Masana sun daɗe da rubuta wannan, tun kafin a aza tubalin farko na Aylesbury. A 1957 Michael Young da Peter Willmott suka wallafa bincikensu a kan iyalan Bethnal Green da aka kwashe zuwa sabon rukuni a Essex, suka nuna yadda gidaje suka gyaru amma ziyara tsakanin uwa da 'ya ta ragu ƙwarai, kaɗaici ya shiga. A Amurka, Marc Fried ya bi mutanen unguwar West End ta Boston bayan an rushe ta a ƙarshen shekarun 1950, ya tarar kusan rabin matan da fiye da kashi ɗaya cikin uku na mazan suna cikin baƙin ciki mai tsanani irin na wanda aka yi wa mutuwa. Mu 'yan Najeriya ma muna da namu kason a wannan tarihi, domin Peter Marris ya yi irin wannan bincike a Legas, a kan iyalan da aka tasa daga tsakiyar tsibirin zuwa Surulere daga 1955, ya ga 'yan kasuwa sun rabu da masu sayen kayansu, manyan gidaje sun tarwatse, tsofaffi sun rasa masu kula da su. Darasin da ya fito daga wurare ukun iri ɗaya ne, kuma ya kai shekara sittin yana kan kantocin ɗakunan karatu na wannan birni.

Amma ba sai kun je ɗakin karatu ba, domin misalin yana nan a ƙarƙashin ikonku, tafiyar minti kaɗan daga Aylesbury. Rukunin Heygate da ke Elephant and Castle an kammala shi a 1974, yana da gidaje kimanin 1,200 da mutane fiye da 3,000, da manyan itatuwa sama da 400 waɗanda suka girma tare da yaran wurin. An yi wa mazaunansa alkawarin cewa za a fara gina musu sababbin gidaje a filaye daban-daban na kusa kafin a tashe su. Gidajen ba su kammala a kan lokaci ba, amma kwashe mutane bai jira ba, sai aka rarraba su a tsofaffin gidajen hukuma duk inda aka samu gurbi. A 2010 majalisa ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin gine-gine na Lend Lease, aka sayar da filin a kan fam miliyan 50, alhali abin da aka kashe wajen fitar da mutanen kaɗai ya haura fam miliyan 40. An fitar da mazaunin ƙarshe a watan Nuwamba na 2013, aka gama rushewa a 2014. A cikin gidaje fiye da 2,500 da aka ba da izinin ginawa a wurin, waɗanda aka ware wa hayar gwamnati mai rahusa ba su kai ɗari ba. Daga cikin 'yan hayan da ke da cikakken haƙƙin zama, kimanin ɗaya cikin biyar ne kawai ya ci gaba da zama a yankin Walworth.

Waɗanda suka sayi gidajensu a ƙarƙashin dokar 1980, wadda ta bai wa ɗan hayan gwamnati damar sayen gidan da yake ciki, su ne suka fi yin nisa. Diyyar gida mai ɗakin kwana ɗaya a Heygate, idan aka daidaita, ba ta kai fam dubu 100 ba, yayin da mafi arahar sababbin gidajen da aka gina a kan wannan fili ya haura fam dubu 300. Taswirar da masu bincike da masu fafutuka suka zana ta nuna inda suka ƙare: Thamesmead, Sidcup, Gravesend, Slough, St Albans. Mutane ne da suka yi abin da gwamnati ta ƙarfafa musu gwiwa su yi, suka tara gumin shekaru suka mallaki gida, sannan aka karɓe gidan da ƙarfin doka a kan farashin da ba zai saya musu ko rabin irinsa a unguwarsu ba. Dalilin ƙarancin farashin ma abin dubawa ne, domin gidan da ke cikin rukunin da aka riga aka yanke wa hukuncin rushewa, aka daina gyara shi, aka toshe ƙofofin maƙwabtansa, babu mai sayensa da daraja. Wato hukumar da ta karya farashin ita ce kuma mai saye. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Idan mutanen Aylesbury suka ji kalmar alkawarin dawowa suka yi shiru, kada ku ɗauka taurin kai ne, abin da suka gani da idonsu ne a ƙetaren titi.

Ba Southwark kaɗai ba ce, na sani. Rahoton da Majalisar Birnin Landan ta fitar a 2015 ya duba rukunai 50 da aka sake ginawa, ya tarar yawan gidaje ya kusan ninkawa amma gidajen haya mai rahusa sun ragu da kimanin 8,000. Sai dai yawan masu yin abu ba ya mayar da shi daidai, kuma ku ne kuka fi kowace ƙaramar hukuma a Landan yawan gidajen haya, don haka abin da kuka yi shi wasu za su kwaikwaya.

Ina kuma tunatar da ku cewa wannan magana ba ta masu zanga-zanga kaɗai ba ce. A watan Satumba na 2016, ministan da ke kula da ƙananan hukumomi a lokacin, Sajid Javid, ya ƙi amincewa da izinin karɓe gidajen da suka rage a sashen farko na Aylesbury. Dalilansa sun haɗa da cewa masu gidajen, waɗanda da yawansu tsofaffi ne kuma baƙaƙen fata da 'yan tsirarun ƙabilu, za a iya tilasta musu barin yankin, su rabu da danginsu da al'ummarsu, karatun 'ya'yansu ya sami tangarɗa. Ministan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ne ya tuna wa majalisar da ke hannun jam'iyyar Leba nauyin da dokar daidaito ta 2010 da dokar haƙƙin ɗan Adam suka ɗora mata. An ba da izinin daga baya, a 2018, kuma ƙa'idar nan da ke tilasta wa mai gida ya zuba duk ajiyarsa da ta haura fam dubu 16 a cikin sabon gida an soke ta, abin da ya dace tun farko. Haka kuma a watan Janairu na 2024 Babbar Kotu ta ba wata mazauniyar rukunin gaskiya, ta ce gyaran da aka yi wa izinin gini na 2015 ba ƙarami ba ne da za a shigar da shi ta ƙofar baya. Sau biyu ke nan sai da aka je gaban wata hukuma ta sama kafin a saurari abin da mazauna suka faɗa kyauta a zauren taro.

Akwai wata cutarwa da ba ta bayyana a ƙididdiga, ita ce ta jira. Yaron da aka haifa a shekarar da aka yanke shawarar rushewa yau ya zama saurayi, kuma bai taɓa sanin gidansu a matsayin wurin da za a daɗe ba. Iyaye sun shekara ba su sake fenti ba, ba su sayi sabuwar kujera ba, saboda kowace shekara ana cewa baɗi ne. Ku shiga ɗaya daga cikin benayen da ake kwashewa ku bi doguwar barandar: ƙofa bayan ƙofa an liƙe da farantin ƙarfe, tagogi ma haka, sannan can a tsakiya ga ƙofa ɗaya da tabarmar share ƙafa da tukunyar fure, akwai mutum a ciki. A 2015 har shinge aka kewaye sashen farko da shi, da masu gadi a ƙofa, alhali akwai sauran mazauna a ciki. Wanda ya zauna a irin wannan hali, duk gidan da aka nuna masa zai karɓa, ko a ina yake, sannan a rubuta a fayil cewa shi ya zaɓa. Wannan ba zaɓi ba ne, gajiya ce. Su kuma tsofaffi, alkawarin cewa za su dawo bayan shekara takwas ko goma ba shi da ma'ana a wurinsu, kuma kowa a unguwar ya san wani da ya rasu yana jira.

Ba zan manta da iyalan da aka sauke na wucin gadi a gidajen da aka kwashe ba. An kawo su ne saboda ba su da matsuguni, aka ce na ɗan lokaci ne, amma ɗan lokacin ya zama shekaru ga wasunsu, 'ya'yansu sun shiga makarantun unguwa, sun yi abokai, iyayen sun sami aiki a kusa. Su ma sun kafu, kuma su ne suka fi kowa raunin murya idan ranar tashi ta zo.

Adalci ya sa in faɗi abin da kuka yi daidai. Shawarar da kuka yanke a 2020 ta mayar da gidaje 581 na sashen farko su zama gidajen ƙaramar hukuma ta kanta, maimakon su tafi hannun ƙungiyar samar da gidaje ta Notting Hill Genesis, shawara ce mai kyau, kuma iyalan da suka tashi daga tsohon bene suka shiga sabo ba tare da sun bar unguwa ba shaida ne cewa abin da nake roƙo mai yiwuwa ne. A 2021 kun kai mazauna rukunan Tustin da Ledbury akwatin zaɓe, kuka zauna da su aka tsara sharuɗɗa a rubuce, kuma mafi rinjayensu suka amince da sake gini. Wannan ya rusa zargin cewa 'yan hayan gwamnati ba sa son ci gaba. Idan suka ga alkawari a rubuce kuma suka yarda da mai yin sa, sukan ce to. Na san ƙa'idar da Magajin Garin Landan Sadiq Khan ya kafa a 2018, wadda ta sa ƙuri'ar mazauna ta zama sharaɗin samun tallafinsa ga manyan ayyukan rushewa, ta keɓe ayyukan da suka riga suka sami izini. Amma keɓewar ta ɗauke muku tilas ne kawai, ba ta hana ku yi ba. Ban ga dalilin da zai sa mazaunin Tustin ya cancanci a tambaye shi, mazaunin Aylesbury kuma a ce masa amsar da ya bayar a 2001 ba ta da amfani, sabuwa ma ba a buƙata.

Za ku ce akwai dubban iyalai a layin neman gida, kuɗi ya yi ƙaranci, kuma sayar da wasu gidaje a kasuwa shi ke ɗaukar nauyin gina sauran. Ban raina wannan hujja ba, domin ina da abokai a wannan layi. Sai dai duk iyalin da aka tasa daga Aylesbury aka ba shi tsohon gidan hukuma a wata unguwa, gurbin wani da ke layi ya ci, don haka rushewa kafin gini tana tsawaita layin ne na shekaru kafin ta fara rage shi. Kuma lissafin da aka yi a 2005 na cewa gyara ya fi ƙarfin aljihu ya tsufa, an yi shi ne kafin tsadar kayan gini ta yau, kafin kuma a fara auna hayaƙin da rushe kankare da zuba sabo ke fitarwa. A birnin Bordeaux na Faransa an gyara gidajen gwamnati 530 na rukunin Grand Parc, an ƙara wa kowane gida faffaɗar baranda mai gilashi, mazauna suna ciki ba a fitar da su ba, kuɗin haya bai tashi ba, kuma aikin ya ci babbar lambar yabo ta gine-gine ta Tarayyar Turai a 2019. Ban ce kowane bene na Aylesbury zai karɓi irin wannan gyara ba. Abin da nake cewa shi ne a sake yin lissafin, bene bayan bene, masana masu zaman kansu su yi shi, a kuma buga sakamakon kowa ya gani, musamman ga ƙananan benayen bulo da na hawa huɗu waɗanda ba su da matsalolin dogayen.

Don haka, ranku ya daɗe, ina roƙon majalisa ta tsayar da ƙa'ida a rubuce cewa a sassan da suka rage gini zai riga rushewa, kuma kowane iyali ƙaura ɗaya zai yi, daga tsohuwar ƙofa zuwa sabuwa. Idan jami'anku suka zo cike takardar buƙatun iyali, kada tambayar ta tsaya a yawan ɗakunan kwana. A tambayi mutum wa ke riƙe masa makulli, wa ke ɗauko masa yara, wa yake dubawa da safe, sannan a ba maƙwabtan da suka nemi haka damar tashi tare zuwa bene ɗaya ko hawa ɗaya. Wannan ba ya cin ƙarin bulo ko ɗaya, tsari kawai yake buƙata da jami'in da zai zauna ya saurara. Masu gidan kansu kuma a ba su gida kwatankwacin nasu a cikin unguwar ba tare da sabon bashi ko ƙarin haya ba, domin wanda ya haura sittin babu bankin da zai ba shi rance. Iyalan da aka sauke na wucin gadi waɗanda suka shekara a rukunin a ba su haƙƙin zama na dindindin a cikinsa. Kuma muddin akwai mutum ɗaya a bene, a ci gaba da gyaran ɗumama da lif da fitilun baranda kamar benen cike yake, tunda shi ma cikakkiyar haya yake biya.

Abu na ƙarshe shi ne ƙididdiga. Ina roƙon ku riƙa bugawa kowace shekara, ba tare da sunaye ba, adadin iyalan da aka tasa daga Aylesbury tun farkon aikin, da yankin da kowannensu ya koma, da nawa ne suka nemi dawowa, da nawa ne suka dawo a zahiri, da irin hayar da suke biya yanzu idan aka kwatanta da ta da. A Heygate sai da mazauna da masu bincike suka yi ta neman bayanai ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai kafin a san inda mutane suka watsu, kuma a lokacin an riga an makara. Ina fatan za a sa waɗannan buƙatu a jadawalin zaman majalisa na gaba, a zauren da mazauna za su iya halarta su yi magana da bakinsu, tare da tafinta ga waɗanda suke buƙata, kuma a ba da amsa a rubuce.

Na gode da kulawarku. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani mazaunin Walworth, Landan.